Yaya Yake Fara Maka?

Ni mai gyaran rediyo ne a Kasuwar Dole.
In mutum ya dire min tasa a tebur
ba na fara kwance bayanta.
Tambaya nake: yaya take yi?
Sai ya ce, da asuba garau,
in rana ta take sai ta kama shaƙuwa.
Na yarda. Shi ke kwana da ita.

Shekara talatin da huɗu nake kwana da emasi.
Na san sallamarsa.
Ta gwiwar hagu yake shigowa
kwana biyu kafin hadarin fari ya haɗo,
ya tsaya a ƙugu ya huta,
sannan ya hau ƙirji ya zauna
kamar ɗaya cikin duwatsun Birni.

Na farko bai ɗago kai ba.
Bironsa ya riga bakina.
Ina cikin "tun shekaranjiya" ya yage takarda:
zazzaɓi ne, na gaba ya shigo.
Jika uku a farmasi.
Na jera ƙwayoyin a taga, kusa da 'yan'uwansu na bara.

Na biyu ya ɗago, ya auna ni da ido,
ya ce wa na kusa da shi da Faransanci,
yana zaton ban taɓa zama aji ba,
wai allurar nake so, ba lafiya ba.
Laifina, na faɗi sunan maganin da ke yi min.
In na yi ihu, a ce raki.
In na cije, a ce ai ga shi zaune daram.

Habsu ta ce mu sayar da keken ɗinkinta mu tafi Yamai.
Na ce a bar keken.

A layin famfo ta samo labari,
tsakanin bidon na sha ɗaya da na sha biyu.
Ya Kolo, mai ɗa irina, ta raɗa mata:
akwai wata can wajen Garin Malam,
Talata da Alhamis. Ba ta gaggawa.
Shaidar ke nan duka. Ba ta gaggawa.

Kabu-kabu ya kai ni,
kowane ramin hanya a ƙashina ya sauka.
Ɗakin ba wani abu:
kujera mai ƙafa ɗaure da waya,
fanka mai ƙugi a sama.
Likita Harira ta rufe littafi,
ta ture biro nesa da hannunta.
"Malam Tsahiru, ka fi ni daɗewa da shi.
Yaya yake fara maka?"

Na buɗe baki, ba abin da ya fito.
Rantsuwa na zo da ita a aljihu,
ban zo da amsa ba.

Daga baya na zuba: gwiwa, ƙugu, hadari,
ruwan sanyin randa da ke tada shi,
maganin da ke yi, da wanda ke sa ni amai.
Sau ɗaya ta katse ni:
"Ƙirjin, jiya ko yau?"
Na ce yau, bayan asuba.
Ta kafa abin saurare a bayana, ta daɗe,
yadda nake kafa kunne in tasha na nesa.
Ta ce yau ba gida za ka kwana ba.
Wani abin kuma ta ce, wannan ban sani ba, zan tambayo.
Ban taɓa jin farar riga ta faɗi haka ba.

Ban warke ba, kar a ce na ce.
Damina na tafe, gwiwa ta fara yi min maganarta.
Kuma ana ta jita-jitar za a yi mata canjin wurin aiki,
Habsu na sa ta a addu'a kamar ƙanwarta.

Ranar da aka sallame ni na tsaya bakin ƙofa,
na ce, Likita, fankar nan taki,
ba fiffike ba ne, a wuya ciwon yake.
Ta ɗaga kai ta saurara.
Ta ce, ni dai ƙugi kawai nake ji,
amma ka zo da kayanka ranar Alhamis.